Majigi da kwamfuta a aji: kimiyyar yara suke so, ko kallon?

Malamin Fiziks, Gwale

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai da iyaye. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa tsayawa gaban aji da alli a hannu, da kuma waɗanda ba su daɗe da barin benci ba.

Ina koyar da fiziks a wata sakandaren je-ka-ka-dawo a nan cikin birni, daga SS1 zuwa SS3. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu, Allah ya saka musu da alheri, sun haɗa wasu kuɗi sun ce a kashe su a ɓangaren kimiyya. Kuɗin ba su kai a yi komai da komai ba, shi ya sa aka rabu gida biyu. Shugaban makaranta da yawancin tsofaffin ɗaliban suna son a ware aji guda a saka masa sola da majigi da kwamfutocin hannu. Ni da malamin kemistiri kuma hankalinmu ya fi karkata ga ɗakin gwaje-gwaje, don buret ɗinmu, wato bututun gilashi mai awo da ake ɗiga sinadari da shi, waɗanda ba sa yoyo ba su kai goma ba, madubin likita biyu ne kawai ke aiki, batura da wayoyin haɗa wuta kuwa sai WAEC ta ƙarato ake sayo su.

Hujjar masu son majigi ita ce yara sun daina sha'awar kimiyya, kuma ban isa in musa ba. Yaro zai gama JSS3 da sakamako mai kyau ya gudu ajin kasuwanci. Waɗanda suka shigo mana kuma da yawansu uba ne ya ce sai sun zama likita. In shiga aji mai ɗalibai sama da 80, in zana zanen wutar lantarki a allo, in juyo in ga idanu a buɗe amma hankali yana wani gari.

To a zangon da ya wuce na aro majigi wajen wani abokina, na ɗauko tawa kwamfutar, na buɗe wa 'yan SS2 PhET. Ga wanda bai san shi ba, wasu gwaje-gwaje ne na kwamfuta da Jami'ar Colorado ta Amurka ke bayarwa kyauta. Carl Wieman, wanda ya samu kyautar Nobel a fiziks a 2001, shi ya kafa shi a 2002, kuma ana iya sauke shi a yi amfani da shi ba tare da intanet ba. Na haɗa batir da ƙwan fitila biyu a fuskar majigin, ga 'yan ɗigo-ɗigo shuɗaye suna zagaya waya a matsayin ilektiron. Na ƙara batir, suka ƙara gudu, ƙwan ya ƙara haske. Na haɗa waya kai-tsaye ba ƙwai a tsakani, batirin ya kama da wuta. Wallahi aji ya kaure da ihu. 'Yan bencin baya da ban taɓa jin muryarsu ba suka taso har gaba suna cewa, "Malam, ƙara wani batirin!"

Na koma gida da murna. Amma da makonni suka ja, sai gaisuwar da ake yi mini a bakin ƙofa ta zama, "Malam, yau akwai kallo?" Ranar da babu wuta kuma aji ya fi dā mutuwa. Da na raba musu batir na gaske da waya da ƙwan tocila na ce su haɗa abin da suka gani, mafi yawansu suka tsaya suna jujjuya wayar, ba su ma san sai an feƙe robar bakinta ba.

Abin da ya hana ni yanke hukunci shi ne wani yaro guda. Ya roƙe ni na tura masa manhajar a wayar yayansa. Bayan 'yan kwanaki ya tare ni a hanyar masallaci ya ce ya gano dalilin da in ƙwai ɗaya ya mutu a gidansu sauran ba sa mutuwa: ba a jere aka haɗa su ba, kowane da nasa reshen. Ni ban kai ga koyar da wannan ba a lokacin.

Tambayata ke nan. Waɗannan na'urori suna sa yaro ya so kimiyya, ko dai ɗokin sabon abu ne da zai wuce? In ku ne a wurina, me za ku ce a taron?

Tsohon Malami, Kurna

Wa alaikumus salam, ɗana Malam. Na yi ritaya daga koyar da kemistiri, jikata ce ke rubuta mini wannan ina faɗa mata.

Majigi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muna yara, motar ma'aikatar yaɗa labarai kan zo ƙofar gidan hakimi bayan magariba, a kafa farin ƙyalle, a nuna yadda ake zuba takin zamani da yadda ake tsabtace rijiya. Gari kakaf yake fitowa. Amma wanda ya canja nomansa shi ne wanda malamin gona ya bi shi har gona washegari. Abin da ka gani a ajinka ke nan.

Ni ɗalibin ɗaya daga cikin makarantun kimiyyar nan ne na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda aka buɗe a 1977 saboda Kano ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. Ka je manyan asibitocin garin nan da Jami'ar Bayero ka tambaya, za ka sami manyan likitoci da farfesoshi da suka fito daga can. Babu kwamfuta ko ɗaya a lokacinmu. Abin da ake da shi: ɗakin gwaji da ake buɗewa kowane mako, ba sai jarrabawa ta zo ba, da malamai, wasunsu 'yan Indiya da Pakistan da Ghana, waɗanda ba sa yarda ka kwafi sakamakon wani. Sai ka riƙe fifet, wato bututun zuƙo ruwa daidai awo, da hannunka, ka ja mililita 25 daidai, ka ɗiga asid daga buret ɗigo-ɗigo kana kaɗa kwalba, har ruwan ya juya daga ɗorawa zuwa ruwan lemo. Ɗigo ɗaya ne tsakanin daidai da kuskure. Ranar da na fara samun awo biyu da suka zo daidai da juna, ranar na san abin da zan yi da rayuwata.

Har gobe kuma ɗalibin makaranta faraktikal na gaske yake yi a WAEC da NECO. Ba za a ba shi hoton buret ba.

Ka tuna wa masu son kwamfutar hannu cewa an gwada a ƙasar nan. A 2007 an raba wa yaran wata firamare a Galadima, Abuja, ƙananan kwamfutocin nan masu launin kore. A 2013 jihar Osun ta raba wa 'yan babbar sakandare kwamfutar hannu da suka kira Opon Imo. Su bincika su ji ina aka kwana kafin su zuba kuɗin jama'a.

Kuma ba sai da kuɗi mai yawa ake jan hankalin yaro ba. Na sha shiga aji da zoɓo a gora. In zuba a kofi uku, in matsa lemon tsami a ɗaya ya ƙara ja, in zuba ruwan kanwa a wani ya rine ya koma kore-kore mai duhu. Sai in ce kowa ya je gida ya gwada da toka da tsamiya da sabulun wanki ya kawo mini labari. Washegari sai na rasa inda zan sa kaina don surutu. Ka kai su marinar Ƙofar Mata su ga zane yana fitowa daga rami da launin kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonsu. Wannan shi ne darasin haɗuwar sinadari da iskar oksijin da suke haddacewa ba su gane ba. Kuɗin mota kawai zai ci.

Ni dai ɗakin gwaji na zaɓa.

Malamar Bayoloji, Tarauni

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma ina roƙon a ba ni dama in kare na'urar kaɗan, don ni ta yi mini rana.

Makarantunku na kwana ne, an tace ɗalibai da jarrabawa kafin a ɗauke su, aji kuma bai cika maƙil ba. Ni 'yan mata nake koyarwa, aji ɗaya ya fi 70, madubin likita ɗaya ne mai kyau. A dā in na ɗora fatar albasa, sai su yi layi, kowace ta leƙa na 'yan daƙiƙu. Rabinsu gashin idonsu kawai suke gani, amma kunya ba za ta bar su su faɗa ba, sai su ce "na gani, Malama" su wuce. Kafin layi ya ƙare an kaɗa ƙararrawa.

Yanzu wayata nake ɗaurawa a bakin madubin da wani ɗan maƙali da kafinta ya yi mini, in haɗa ta da talabijin. Abin da ke ƙarƙashin gilashi kowa na ganinsa lokaci guda. Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da na ce wata yarinya ta ɗebo mana ruwan kududdufin unguwarsu a robar ruwa. Ita ta ɗiga shi da hannunta. Da hoton ya daidaita, sai ga wasu halittu masu kamar tafin silifa suna ninƙaya suna juyi, wani kuma mai jela yana wucewa da gudu. Aji ya yi tsit, sai wata ta ce, "Malama, a cikin ruwan nan ƙannena suke wanka." Daga nan tambayoyi suka ɓarke: shin tafasawa na kashe su, alam da ake sa wa ruwa yana kashe su ko kwantar da datti kawai yake, ta ina tsargiya ke shiga jiki. Darasin da na shirya ban yi shi ba ranar, kuma ban yi baƙin ciki ba.

Ka lura, Malam, ba bidiyon wani Bature ba ne a talabijin ɗin. Ruwansu ne, kuma hannun ƙawarsu ne ya ɗiga shi. A ganina nan bambancin yake. Na gwada nuna musu bidiyoyin da na sauke daga YouTube a kan rabuwar ƙwayar halitta. Suna da kyau ƙwarai, amma Turancin mai maganar ya yi musu sauri, bayan 'yan mintoci sai ka ga an fara gyara hijabi ana hira ƙasa-ƙasa. Sai da na koma kashe muryar, ina tsayar da hoton ina bayani da bakina, Turanci da Hausa, sannan ya yi amfani.

Game da PhET ɗinka, ga abin da nake ganin ya faru. Kai ke riƙe da kwamfutar, su 'yan kallo ne. Gwada wannan: kafin ka taɓa komai, ka ce kowa ya rubuta a takarda abin da yake zaton zai faru. Misali lilon nan naku na fiziks. Tambaye su, in aka ɗaura dutse mai nauyi da mara nauyi a zare mai tsawo ɗaya, wanne zai fi saurin kaiwa da komowa? Kusan duka za su ce mai nauyi. Su ɗaga hannu a ƙirga, su yi musu da juna. Sannan a sake shi. In suka ga tare suke tafiya, tsawon zaren ne kawai ke canja lokacin, za ka ga wanda ya rantse ɗazu ya kasa zama. Yaron da ya faɗi zatonsa a gaban abokai ba ya iya yin ko-in-kula da amsar. Bayan majigin sai ka ba su zare da dutse da agogon waya su auna da kansu. Zare mai tsawon mita 1 zai ba su kusan daƙiƙa 2 a kowace kai-da-komo, daga nan su fitar da 9.8 ɗin nan na ƙarfin jan ƙasa da suke haddacewa.

Lokacin da nake karatun digiri na biyu mun duba labarin ƙasar Peru, wadda ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan kwamfutoci irin waɗanda Baba ya ambata. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa kwamfutar, amma makinsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Rahoton OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen da suka ci gaba, na 2015 ya gano cewa ɗaliban da ke amfani da kwamfuta a makaranta daidai-wa-daida sun ɗan fi waɗanda ba sa taɓa ta, amma masu yawan amfani da ita sun fi kowa faɗuwa. UNESCO ma a 2023 ta ja kunne cewa kada na'ura ta maye gurbin malami. Duk ba su ce a jefar da ita ba.

Akwai kuma abin da ya fi kowace na'ura a wajen 'yan matana, wato su ga darasi ya taɓa gidansu. Tun da aka sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a jihar nan a 2024, darasin gādon halitta ya daina ba ni wahala. Da na zana AS da AS a allo na nuna cewa kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, babu mai gyangyaɗi. Kowace tana da 'yar'uwa ko maƙwabciya da ke kwana asibiti da yaro. Alli kawai na yi amfani da shi.

Don haka in ni ce, ba zan ce "ɗakin gwaji ko na'ura" ba. Zan ce a sayi kayan gwaji, a ƙara da allo mai hoto guda ɗaya a cikin ɗakin gwajin. Kwamfutar hannu ga kowane yaro kam, a'a.

Ɗalibi, Ɗorayi

Allah ya gafarta malamai. Ni ƙarami ne a nan, bara na gama sakandare, yanzu ina ajin farko a injiniyanci. Na ga babu wanda ya yi magana daga ɓangarenmu shi ya sa na shigo.

Malam, gaskiya in aka ce yau akwai majigi muna murna, amma kashi biyu ne. Akwai masu murna don za su gane abu, akwai masu murna don yau ba kwafar rubutu. Daga gaban aji ba za ka iya bambance su ba, don duk ihu ɗaya suke yi.

Ni abin da ya juya ni a SS2 ne. Na kusa komawa ajin adabi saboda ban gane yadda injin janareto ke samar da wuta ba, zanen littafin kamar gizo-gizo. Wani dare na kalli wani gajeren bidiyo a wayar yayana, maganaɗisu na juyawa a tsakiyar naɗin waya, allura tana kaɗawa hagu da dama. Na maimaita shi har sai da data ta ƙare. Abin da waya ta fi aji da shi ke nan a wajena: ba na jin kunyar ta. A aji in ka ce ba ka gane ba sau biyu, sai a fara dariya. Washegari na je wajen mai gyaran fanka a bakin layinmu na roƙi mataccen mota na ƙaramar fanka, na kwance shi, na haɗa da ƙaramin ƙwai na murza da hannu. Ya ɗan yi ƙyalli. Na kai wa malaminmu, ya tsayar da darasi ya ce in nuna wa aji. Wannan kiran da ya yi mini gaba ya fi mini bidiyon.

Amma zan faɗi ɗaya gefen tsakani da Allah. Wayar da na kalli bidiyon a cikinta, a ciki TikTok yake. Abokaina da yawa sun karɓi waya a gida da sunan karatun JAMB, ƙwallo da hira suka cinye ta. Lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu ana darussa a rediyo da talabijin, a layinmu waɗanda suka bi su ne waɗanda wani babba ke zaunar da su. Kuma ba kowane gida ke da babbar waya ba. In malami ya ce a je a kalli abu a gida, 'yan mata da 'ya'yan marasa ƙarfi ne ake bari a baya, sai su ƙara jin cewa kimiyya ba tasu ba ce.

Abu ɗaya da nake roƙo kada a manta: tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. A ɗakin da na zauna akwai wanda ranar ce ya fara riƙe linzamin kwamfuta, hannunsa na rawa, lokaci na tafiya. Wataƙila ya fi ni sanin fiziks. WAEC ma ta fara yi wa ɗalibai masu zaman kansu jarrabawa a kwamfuta a 2024. Ko kwamfuta biyu ko uku ce a ajiye a makaranta, kowane ɗan SS3 ya taɓa ta kafin ranar. Tsoron jarrabawa ma yana kashe sha'awa.

Malamin Fiziks, Gwale

Baba, na gode, Allah ya saka da alheri, a gaida mai rubutu. Maganar marina ta shige ni, don tafiyar ba ta da nisa daga wajenmu. Malama, zancen rubuta zato kafin a gwada zan fara shi da 'yan SS1 a makon nan, zare da dutse ba sa buƙatar taron kowa. Ina da tambaya: in an gama musu da ihun, ta yaya kike mayar da su kan abin da za a tambaye su a kwalifayin da WAEC? Manhajar karatu tana da tsawo, ana kuma auna mu da yawan abin da muka gama.

Ƙanena na Ɗorayi, Allah ya yi maka albarka. Kashi biyun nan da ka faɗa su nake ta ƙoƙarin rarrabewa.

Malamar Bayoloji, Tarauni

Ba kowane darasi nake yi wa haka ba, Malam, lokaci ba zai isa ba. A kowane babi nakan zaɓi abu guda da na san nan ne suke tuntuɓe, shi nake ba wa darasi sukutum. Minti goma na ƙarshe kuma ba na wasa da su: a kashe talabijin, kowa ta zana abin da ta gani ta sa masa sunaye, sannan in ɗauko tsohuwar tambayar WAEC a kan abin mu amsa tare. In suka ga abin da suka gani da idonsu shi ne a takardar jarrabawa, sauran babin yana gudu da kansa. Wanda ban yarda da shi ba shi ne a kunna bidiyo malami ya koma ofis. Na ga ana yi, kuma yara sun san bambancin.

Mai Sola, Farm Centre

Salamu alaikum. Ni ba malami ba ne, sana'ata haɗa sola da gyaran kayan wuta, kuma ina da 'ya'ya biyu a sakandare. Na haɗa wa makarantu masu zaman kansu irin ajin da ake magana, na kuma koma na ga yadda suka ƙare, shi ya sa zan sa baki.

Malam, in kun tsaya a kan shawarar Malama, ku sayi babbar talabijin, kada ku sayi majigi. Majigi mai ƙwai yana jan wat 200 zuwa 300, talabijin mai inci 55 kuwa wajen wat 100 take ci. Majigi sai an rufe tagogi hoto ke fita sosai. Ka rufe tagogi a kan yara 80 a watan Afrilu a Kano, ka ga ko akwai mai sauraron ka. Ga ƙurar hunturu, tana toshe matatar iskarsa ya riƙa zafi yana kashe kansa, ƙwansa kuma in ya mutu kuɗinsa ba wasa ba. Talabijin a kafe ta a bango cikin kejin ƙarfe da kwaɗo, a ɗinka mata riga.

Kwamfutocin hannu masu arha kuwa, abin da ake kawo mana kullum ke nan: fuska ta fashe, bakin caji ya lalace, batir ya kumbura. In babu wanda aka ɗora wa alhakinsu, da kuɗin gyara da aka ware tun farko, shekara ba ta zagayowa sai ka same su a kwali a ofishin shugaban makaranta. Gara tsofaffin kwamfutocin tebur ko laftof 'yan Kwatano masu ƙarfi guda uku, kamar yadda ɗalibin nan ya ce, kayan gyaransu suna nan birjik a kasuwa.

Kada ku dogara da janareto, tun da aka cire tallafin mai a 2023 babu makarantar da za ta jure saya masa fetur don darasi. Tunda da rana kuke aiki, ba kwa buƙatar batura da yawa. Ku ware kuɗin canjin batir tun yanzu, don mai ruwa in ana wahalar da shi bai fi shekara biyu zuwa uku ba. A kuma sa wani yana goge faifan sola duk mako a lokacin ƙura. Ni da a ce 'yan ajin fiziks ɗinka aka ba wa wannan aikin, su auna wutar da mita kafin gogewa da bayan gogewa su rubuta, za su ga bambancin da idonsu.

Malamin Fiziks, Gwale

Madalla, Alhaji. Ga abin da zan kai taron ranar Asabar in Allah ya kai mu: kaso mafi tsoka a kayan gwaji, wato buret da fifet da sinadarai, madubin likita, mitocin auna wuta da gilasan haske. Sai talabijin ɗaya a cikin ɗakin gwajin, laftof uku, ƙaramar sola, da wani abu a ajiye don gyara. Na san shugabanmu zai so a sami abin da za a yanke ƙyalle a buɗe, zan roƙe shi a yi bikin a ɗakin gwajin, yara su nuna gwajin zoɓo da na ruwan kududdufi a gaban tsofaffin ɗaliban.

Alhaji, don in rubuta musu lissafi: talabijin ɗaya, laftof uku da fanka biyu, daga ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 2, faifai nawa za mu nema?

Mai Sola, Farm Centre

Duka kayan ba za su wuce wat 500 ba in fankokin na tsaye ne. Faifai biyu masu wat 450 ko sama, da inbata mai kilowat 1.5, sun isa har da rara. A kafa su suna kallon kudu, nesa da inuwar darbejiya, a kuma walde ƙarfen da ke riƙe su. Kafin ku biya kowa, ku karɓi farashi a rubuce daga mutum uku, kuma a gwada kowane faifai da mita a gabanku.